Wayar da ke Bakin Khalilu

A Kukar Liman, wani ƙauye tsakanin Gezawa da Zakirai inda gonar wani ke ƙarewa daidai inda ta wani ta soma, wanda bai san fuskar Khalilu ɗan Malam Muhammadu Sani ba ya san muryarsa. Shi ne mai jan baƙi a masallacin garin. Idan azumi ya kama, da hantsi, yakan zauna a hannun daman mahaifinsa ya karanto aya, Malam ya fassara wa jama'a da Hausa. Malam ya ja wa nasa mahaifin, shi ma mahaifin ya ja wa nasa. A gidan ba a taɓa ɗauko baƙo an zaunar a buzun mai jan baƙi ba.

In an fita daga azumi, Khalilu manomi ne kamar kowa. Yana da 'yar gonar gero da yake surka wa wake, da wani ɗan fegi na gyaɗa a bayan gari. Ya yi karatu a Bici, ya dawo da takarda, aikin bai samu ba, ya ɗauki fartanya bai yi wa kowa ƙorafi ba. Yana da mata, Sauda, da 'yarsu Maijidda wadda a lokacin ba ta daɗe da fara tafiya ba. Mutum ne mara yawan magana, sai dai akwai wasi-wasi. Irin mutanen nan ne da za su idar da alwala su miƙe, su koma su sake wanke ƙafar hagu don ba su tabbata ruwa ya ratsa yatsu ba.

Haƙoransa tun yana yaro suka fito a hargitse. Na sama biyu sun yi zaƙo-zaƙo waje, na ƙasa sun hau juna kamar fasinjan motar kasuwa. Bai taɓa damuwa ba sai ranar da ya je musabaƙa a Gezawa. Bayan an tashi, wani dattijo cikin alƙalai ya ja shi gefe ya ce, "Ɗana, haddarka ba ta da gyara, murya kuma Allah ya ba ka. Amma iska tana zurarewa ta haƙoranka, wasu haruffan ba sa fita da haƙƙinsu."

Da wani aka faɗa wa, sai ya ce Allah ya kyauta ya wuce. Khalilu kuwa maganar ta zauna masa a ƙirji kamar ƙaya. Yana huɗa yana maimaita haruffa, yana sauraren kansa. Da ya ji labarin wani babban asibiti a Kano inda likitoci masu neman ƙwarewa ke gyara haƙori da rangwame, sai ya sayar da ragon da yake kiwo, ya haɗa da gyaɗarsa ta wannan shekarar, ya tafi. Ya dawo da waya a baki. An manna wa kowane haƙori ɗan ƙarfe, an zura siririyar waya ta ratsa su sama da ƙasa.

Kamilu ne ya fara tarbarsa a bakin masallaci. Kamilu taubashinsa ne, ɗan ƙanwar Malam, tare suka yi hadda a zauren gidan, shi kuma bai taɓa ganin abin tsokana ya bar shi ya wuce ba.

"La'ilaha illallahu! Wa ya sa maka linzami? Saura sirdi kawai mu hau."

"Bawa dai ba ya yi wa ubangidansa dariya," in ji Khalilu, yana rufe baki da hannu.

"Buɗe in gani mana. Kai, madalla. In rediyona ta ƙi kama tasha, sai in zo in jingina ta da bakinka. Amma da damina kada ka tsaya kusa da ni, tsawa ba ta san taubashi ba."

Likitan da ya sa masa ya kafa masa sharuɗɗa. Ya riƙa zuwa duk wata a duba a ɗaure. Ya goge baki bayan kowane cin abinci, ya kuma bi ƙarƙashin wayar da wani ɗan tsinke mai gashi da ya ba shi. Ban da rake, ban da ƙuli-ƙuli, ban da gasasshiyar masara, ban da goriba da ƙanzo. Khalilu ya riƙe sharuɗɗan nan kamar farillan sallah. Yana ji yana gani Sauda ke kankare ƙanzon tukunya tana ci a gabansa tana dariya. Watanni suka tafi, haƙoran suka fara komawa layi. Wata rana Malam, wanda yanar ido ta riga ta rufe masa gani, ya tsayar da shi a tsakiyar karatu ya ce, "Maimaita." Ya maimaita. Malam ya gyaɗa kai ya ce, "Yanzu ta fita." Khalilu bai taɓa jin daɗin wata kalma kamar wannan ba.

Sai shekarun nan suka zo. Aka cire tallafin mai, komai ya tashi ya bar talaka a ƙasa. Taki ya gagara, gonar da ta saba ciyar da gida har kaka ta koma ba ta kai wa bazara. A Kukar Liman gidaje da yawa suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini. Zuwa Kano, da a da mutum kan yi sallar asuba ya tafi ya dawo kafin la'asar, ya zama abin da sai an zauna an auna shi da kwanon masara. Khalilu ya tsallake wata ɗaya, ya tsallake na biyu. Da ya daure ya je, aka ce likitansa ya samu aiki a Saudiyya ya tafi, ya dawo wani lokaci a haɗa shi da wani. Da ya sake komawa ya tarar ana yajin aiki, ɗakin a kulle. Ya tsaya a bakin ƙofar yana lissafin abin da ya hana Maijidda don ya zo. Daga wannan bai sake zuwa ba.

Ɗan tsinken mai gashi ya cinye har ya zama waya tsirara. Ya kai shi kemis a Gezawa, mai kemis ya jujjuya shi ya ce shi bai taɓa ganin irinsa ba. Man goge baki ya fita daga cefanen gidan, ya bi bayan sukari da sabulun wanka mai ƙamshi. Khalilu ya koma ga asuwakin darbejiya, amma asuwaki ba ya shiga ƙarƙashin waya, sai dai ya tsattsage ya bar zarensa a ciki. Abincin kuma duk mai laushi ne mai maƙalewa: tuwo da miyar kuka, kunu, garin kwaki.

Dasashinsa ya fara ja. Daga ja ya kumbura, ya riƙa gangarowa yana cike tsakanin haƙora. Ko buroshi ya taɓa shi sai jini. Da safe Sauda kan ga tabo a matashin kai, ta cire rigar matashin ta wanke. Ya daina dariya da baki buɗe. Ya daina cin abinci a kwano ɗaya da 'yan'uwansa a zaure, wai shi ya ƙoshi. In Maijidda ta kai hannu za ta taɓa ƙarfen da ke ƙyalli, sai ya kau da kai.

Ana cikin haka Sha'aban ya shigo. Wannan azumin ba kamar sauran ba ne. Shekaru ke nan da shi da Malam suka faro daga farkon Alƙur'ani, kowace shekara su ɗora daga inda suka tsaya, bana kuma za a sauke. Malam ya tsufa ƙwarai, sai an riƙe shi yake kai wa masallaci. Wata yamma ya ce, "Khalilu, bana nake so mu kai ƙarshe. Da kai na fara, da kai nake so in rufe. Baɗi kuwa sai mai rabo."

"Allah ya ja kwana, Baba."

"Amin. Amma dai ka ji abin da na ce."

Khalilu ya zauna ya yi nazarin bakinsa. Ya lura in ya goge haƙori da asuba, jinin ba ya tsayawa sai rana ta ɗaga. Ke nan in azumi ya zo, zai shiga yini da jini a baki, zai kuma zauna jan baƙi da shi. Mai jan baƙi ba ya tsayawa a tsakiyar aya ya tofar, a cikin masallaci, lasifika a gaban bakinsa. In bai tofar ba ya haɗiye. Ya san abin da littattafai suka ce game da abin da ya fi ƙarfin mutum, shi da kansa ya sha karanta wa wasu. Amma sanin hukunci daban, kwanciyar zuciyar mai wasi-wasi daban. Sai ya yanke shawara irin wadda duk wanda ya taɓa jinyar gyambo zai ce daidai ce: ciwo ba ya warkewa ana fama shi. Ya ajiye buroshi, ya ajiye asuwaki. Zai bar dasashin ya huta har bayan salla, kurkura da ruwa kawai.

Abin takaicin shi ne da farko dabarar ta yi kamar ta ci. Jinin ya ragu. Aka ga wata, aka fara tafsiri, muryarsa ta fita tas ta ratsa gonaki har matan da ke sussuka a bayan gari suna tsayawa su saurara. Ya ce a ransa ashe maganin ke nan.

Kafin a fita goman farko, naman ya hau kan ƙarafan ƙasa ya binne su, sai wayar kawai ake gani ta nutse a ciki kamar igiya a wuyan akuya. Dabinon buɗe-baki ya gagare shi. Kunu ma sai ya huce yake kurɓa ta gefe guda. Ga wari. Sahun gaba suka fara ja da baya kaɗan-kaɗan, amma ba wanda ya yi magana. Wa zai buɗe baki ya aibata warin bakin mai azumi? Kowa ya san falalarsa. Haka azumin ya yi wa ciwon rumfa, ya yi ta girma a inuwa.

Kamilu ne kaɗai ya iya. Ya tare shi a hanyar gida, wannan karon ba dariya a fuskarsa.

"Taubashi, zan faɗa maka abin da ba mai faɗa maka. Wannan ba warin azumi ba ne. Ni ma ina azumi, kowa na yi. Wannan warin abin da ya mutu ne."

"To na ji. Sai me?"

"Sai ka tafi Kano."

"In bar wa wa buzun? Kai?"

"Ni me zan yi da buzunka? Muryata kamar ana jan galma a kan tsakuwa. Kai nake ji."

"Bayan salla."

"Bakin zai jira ka har bayan salla?"

Khalilu ya wuce abinsa. A gida Sauda ta ɗora daga inda Kamilu ya tsaya, kamar sun haɗa baki.

"Baban Maijidda, jiya ko rabin kofi ba ka sha ba da sahur. Dubi wuyanka. Ka je a cire abin nan mana, tunda masu shi sun gudu sun bar ka da shi."

"Saura kaɗan, Sauda. Ki bar ni in kai Baba ƙarshe."

"Garin neman gira dai..." Ba ta ƙarasa ba, ta juya tana hura wutar da ta riga ta kama.

Alƙur'anin da ake jan baƙi da shi a masallacin rubutun hannu ne, kakan Khalilu ya rubuta shi da tawadar da ya dafa da kansa. Warƙa-warƙa yake, ba ɗinki, ana ajiye shi a gafaka. Khalilu ba ya bukatar dubawa, amma al'adar gidan ce a buɗe shi, mai ja yana ɗaga warƙa yana kifewa. Wata safiya a goman tsakiya, yana cikin wata doguwar aya, ya ji wani abu ya fashe a ƙasan bakinsa, ɗumi da gishiri suka cika masa harshe. Bai tsaya ba. Ya ja ayar har ƙarshe. Da ya sunkuyar da kai sai ya ga ɗigo-ɗigon ja a kan warƙar, ƙanana kamar an watsa gero, ɗaya kuma babba a kan kalma.

Duniya ta yi masa duhu. Malam na fassara, jama'a na cewa na'am, shi kuwa ya ɗora hannun rigarsa a kan wurin. Yadda ya ƙarasa zaman ranar, shi ma bai sani ba. Da aka watse ya zare warƙar ya kai ɗaki, ya jiƙa auduga ya ɗan dangwala don ya ɗauke najasar. Tawadar gargajiya ba ta haƙuri da ruwa. Jinin ya tashi, kalmar ma ta bi shi, wurin ya zama baƙin dabbare.

Ya je ya durƙusa a gaban Malam a zaure.

"Baba, na ɓata warƙa."

"Da me?"

"Da jini. Daga bakina."

Malam ya miƙo hannu yana lalube har ya sami fuskarsa. Ya shafa kumatu, ya gangaro haɓa, ya tsaya a inda ya kumbura. Khalilu ya ɗauke numfashi don zafi.

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Kuma kuna kallona ba ido, kowa ya yi shiru." Ya sauke hannunsa. "Warƙa a sake rubuta ta. Wannan mataccen jini ne ya taru. A kira Sabo."

Sabo shi ne wanzamin garin. Shi ya cire wa Khalilu beli yana jariri, shi ya yi masa kaciya, shi ke yi wa Malam ƙaho duk shekara. Ya zo bayan an sha ruwa, da zabirarsa a hammata. Ya sa Khalilu ya buɗe baki, ya haska da fitilar waya, ya daɗe yana kallo. Sannan ya kashe fitilar.

"Allah gafarta Malam, ni dai tun da nake ban taɓa sa aska a bakin da ke da ƙarfe ba. Wanda ya ɗaura shi ya san kansa."

"Wanda ya ɗaura yana Saudiyya, Baba Sabo," in ji Khalilu, maganar na fita da ƙyar. "Ka tsaga kawai jinin ya fita. Kwana nawa ya rage? In na kai sauka, ko bakin gaba ɗaya za a cire a cire."

"Yaro, ka san wanzami ba ya ƙin jini. Wannan ne dai bai kwanta mini ba."

"Don Allah. Don darajar abin da ake karantawa."

Sabo ya dubi Malam, Malam bai ce a bari ba. Ya buɗe zabira. Kamilu ya riƙe kan, Sauda ta tsaya a bayan ƙofa ta toshe kunnen Maijidda. Sabo ya tsattsaga naman da ya hau ƙarfe, baƙin jini da ruwan ciwo suka zubo a kasko, ya ba shi ruwan bagaruwa ya kurkure. Khalilu bai yi ko tari ba, sai hawaye da ke bin gefen ido suna shiga kunne.

Washegari ya tashi sakayau. Kumburin ya sassauta, harshe ya samu wurin juyawa. Ya ja baƙi kamar ba shi ba, har wani tsoho ya biyo shi waje yana sa masa albarka. Rana ta biyu ma haka. A rana ta uku zazzaɓi ya rufe shi tun kafin azahar. Kumburin ya dawo ya ninka, ya sauka ƙarƙashin haɓa ya yi tauri kamar ɗanyen mangwaro. Da asuba bakin ya ƙi buɗuwa sai da ƙyar, yawu ma haɗiyarsa aiki ne. Duk da haka Sauda ta same shi zaune a bakin gado yana laluben hularsa.

"Ina za ka?"

Ya nuna wajen masallaci.

Ba ta yi gardama da shi ba. Ta saɓa Maijidda a baya, ta zura hijabi, ta tafi gidan su Kamilu. Ba a jima ba sai ga ƙarar babur a ƙofar gida. Kamilu ya shigo ya ɗauke shi cak kamar buhun ƙaiƙayi, don babu sauran nauyi a jikinsa. Malam na zaune a zaure, ya ji wucewarsu.

"Kamilu, kai shi titi ka sa su a mota, ka dawo ka zauna a buzunsa ka ja baƙi. Jama'a ba za su taru su tashi haka ba."

A kan babur, Khalilu na tsakiya Sauda na tallafe da shi ta baya, suka bi ta cikin gonakin da aka share ana jiran ruwa, tarin taki ɗan kaɗan nan da can. Ya kai bakinsa kusa da kunnen Kamilu.

"Aro ne."

"Me ka ce?"

"Buzun. Aro na ba ka."

"Na ji, ranka ya daɗe. Wa zai yi maka ƙwace? Riƙe ni da kyau kada ka faɗo ka ja mini magana."

A asibitin an dawo aiki, sai dai layi har waje. Da wata ma'aikaciya ta ga haɓarsa ba ta bari ya bi layin ba. Likitar da ta gan shi mace ce, ba ta girme shi da yawa ba, idanunta duk gajiya. Ta sa aka ɗauki hoton muƙamuƙin, ta ɗaga shi a haske ta duba.

"Malam Khalilu, yaushe rabonka da goge baki?"

Sauda ce ta amsa. "Tun kafin azumi, likita. Wai don kada ya yi jini."

Likitar ta rufe ido ta buɗe. "Jinin nan da kake gudu, dattin da ya taru ne ke kawo shi. Da ka ci gaba da gogewa a hankali, aka kuma wanke maka, da ya tsaya da kansa. Wa ya yanka nan?"

Ba ta jira amsa ba. Ta nuna masa hoton da bakin biro.

"Ka ga haƙoran nan biyu na ƙasa, na gaba? Ƙashin da ke riƙe da su ya cinye. Wayar ce kaɗai ta riƙe su yanzu. Dole in cire wayar in wanke wurin, in na cire kuma za su biyo ta. Sannan za mu kwantar da kai, sai an yi maka allurai ta jijiya."

Ya yi alama a ba shi dama. Ya tattaro kalmomin ɗaya bayan ɗaya ta tsakanin haƙora.

"Likita... a bar su... zuwa sauka. Kwana kaɗan. Ki ba ni magani... in je in dawo."

"Wace sauka?"

Sauda ta yi mata bayani: Malam, da idonsa, da shekarun da aka ɗauka, da abin da ya ce game da baɗi. Likitar ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ta ba. Sannan ta jawo kujera ta zauna daf da shi, duk da warin.

"Ni ma mahaifina yana zuwa tafsiri, na san abin da kake nufi. Amma kumburin nan ya kama hanyar maƙogwaro. In na sake ka yau, ba na jin za ka kai saukar, ko da baki ko ba baki. Ba zan yi maka ƙarya don ka ji daɗi ba."

Khalilu ya dubi Sauda. Ita kuwa Maijidda take kallo, wadda ta yi barci a cinyarta da ɗan yatsa a baki. Sannan ya kwantar da kansa a jikin kujerar, ya buɗe bakin iyakar yadda zai buɗu.

Ana saura kwana kaɗan a sauke aka sallame shi. Mota ta ajiye su a titi da hantsi, suka tako da ƙafa ta cikin gonaki, yana tafiya yana hutawa. Bakinsa fayau ba ƙarfe, harshensa kuma sai komawa yake yi wurin giɓin, yana taɓa ɗinkin. A hanya ya gwada wata gajeriyar aya a hankali, yadda Sauda ba za ta ji ba. Iskar da ta zurare ta fi ta da. Bai sake gwadawa ba.

Tun daga nesa lasifika ta kawo musu muryar Kamilu. Ba ta kai munin da yake faɗa ba. Sauda ta wuce gida, shi ya nufi masallaci, ya cire takalmi ya tsaya a bakin ƙofa. Sai ya ji abin da ke faruwa. Kamilu na ja har ƙarshen aya kamar yadda aka koya masa, Malam kuwa numfashinsa ba ya kai wa haka yanzu, kuma ba ya iya riƙe doguwar aya a ka ya fassara ta a dunƙule. Gaɓa-gaɓa yake so, a tsaya masa inda ma'ana ta cika. Kamilu ya wuce wurin, Malam ya ɗaga hannu, Kamilu bai gani ba don idonsa na kan warƙa. Malam ya fara fassara, ya ɓace a tsakiya, ya ce, "Koma baya." Jama'a suka sunkuyar da kai. Gumi ya jiƙa wa Kamilu wuyan riga.

Khalilu ya ratsa sahu, mutane na matsa masa suna yi masa sannu da ido. Kamilu ya gan shi, ya yunƙura zai tashi daga buzun, fuskarsa kamar wanda aka sauke wa kaya. Khalilu ya dafa kafaɗarsa ya mayar da shi. Malam ya juyo da kai.

"Wane ne?"

"Ni ne, Baba."

Kalmomin suka fito da wani ɗan fito a cikinsu, lasifika ta ɗauka ta kai har bayan gari. Malam ya karkata kunne yana sauraren abin da ya ji. Ya fi kowa kunne a garin, ba sai an yi masa bayani ba.

"Za ka iya?"

Khalilu ya dubi warƙar da ke gaban Kamilu. Ya san ayar, ya san wadda ke bin ta, ya san duk abin da ya rage har ƙarshe kamar yadda ya san hanyar gonarsa.

"A'a, Baba."

Malam ya gyaɗa kai a hankali. Ya juya fuskarsa ga jama'a.

"Kamilu, ja."

Khalilu ya zauna a bayan taubashinsa, a kan tabarma, ya kama gefen rigarsa ya riƙe. Kamilu ya fara. Da ya iso inda Malam ke bukata, Khalilu ya ɗan ja rigar, Kamilu ya tsaya cak. Malam ya fassara, bai ɓace ba. Kamilu ya ɗora, aka sake jan rigar, ya sake tsayawa. Daga sahun baya ba mai ganin hannun. Sai dai na kusa sun ga bakin Khalilu a rufe gam, muƙamuƙinsa na motsi yana bin kowane harafi, ruwa na sauka daga idonsa yana ɗiga a bayan rigar Kamilu, har aka shafa fatiha.